Wuƙar injin yankan ciyawa: ta wakala ko ta tijari?

Duk mai kula da ciyawar istiraha, wato gidan shaƙatawa, ko ta gidan kafili a Riyad, Jidda ko Madina ya san tambayar da mai shagon kayan gyara ke yi da zarar an ɗora masa tsohuwar wuƙa a kan kanta: asli ko tijari? Tambayar ta yi gajarta, domin wuƙaƙen da ke kasuwa kashi uku ne. Akwai ta kamfanin da ya ƙera injin, wadda ake samu a wakala, wato shagon wakilin kamfanin, da lambarta a jiki. Akwai ta kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin su Oregon, Stens da Rotary, waɗanda ke buga wuƙa a kan lambar ta asali su rubuta injinan da take hawa. Sai ta uku, mara suna mara lamba, wadda ake ce maka tana shiga kowane inji, da 'yar ledar washa-washa a manne a jikinta. Kashi na biyu da na uku duk tijari ake kiransu a sana'iyya, unguwar makanikai da masu kayan gyara, amma tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakanin ta biyu da ta wakala nisa.

Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, kamfanonin injin da yawa ba su ke narka ƙarfen wuƙarsu ba. Sayo ta suke yi daga masana'antun da suka ƙware a kanta, kamar Fisher Barton ta jihar Wisconsin a Amurka, su sa tambarinsu. Saboda haka tambari kaɗai ba ya yanke hukunci. Abin da ke yanke shi biyu ne: yadda wuƙar ta zauna a mazauninta, wato ƙarfen da ake ɗaure ta a kai a ƙasan injin, da yadda ganyen ciyawa ke kasancewa kwana biyu bayan yanka.

Zama a mazauni

A nan ta wakala ba ta da abokin gasa. Ka ba da lambar injin, a miƙo maka, ka ɗaura, shi ke nan. Wanda zai sayi ta waje dole ya yi awon da wakala ta ɗauke masa, kuma awo ne guda biyar da ba a tsallake ko ɗaya.

Tsawo ake fara aunawa, kuma ba a miƙe ake auna shi ba. Daga tsinin kaifi na wannan gefe zuwa tsinin kaifi na wancan gefen ake ja tef, a karkace. Injin da aka rubuta masa inci 21 santimita 53 ne da ɗoriya, amma kasuwar Saudiyya cakuɗe take da injinan Amurka masu awon inci da na Turai da Sin masu awon santimita 46, 48, 51 da 53. Wuƙar da ta gaza da rabin santimita tana barin rata tsakaninta da kasko, wato murfin da wuƙar ke juyawa a ƙarƙashinsa, iskar da ke ɗaga ciyawa ta ragu, jaka ta ƙi cika. Wadda ta zarce da rabin santimita kuwa tana iya gogar kasko, musamman idan ya taɓa lotsawa. A kan injin da ake hawa mai wuƙa biyu ko uku, gajeriyar wuƙa tana barin siririn layin ciyawa a tsaye a tsakiya, ka ga fili kamar an yi masa tsaga.

Ramin tsakiya shi ne inda aka fi yin asara. Ba duka ne zagayayye ba. Na injinan hawa na Husqvarna da yawa tauraro ne mai tsini biyar. Na gidan MTD, wato Cub Cadet da Troy-Bilt da 'yan uwansu, akwai tauraro mai tsini shida, akwai kuma rami mai tsukakken ƙugu a kan na turawa. John Deere na da mai tsini bakwai a wasu kaskonsa na inci 42. Waɗannan tsinayen ba ado ba ne, su ke riƙe wuƙa ta juya tare da shaf, wato sandar ƙarfen da injin ke juyawa. Idan aka sa zagayayyen rami a kan tauraro, wuƙar ba za ta sauka ta zauna ba, a kan tsinayen za ta ɗare. Noti zai ɗaure, hannu zai ji kamar komai lafiya, amma bugun farko da ta yi da dutse sai ta zame ta goge tsinayen. Daga nan kuma ba wuƙa za ka saya ba, mazaunin gaba ɗaya za a canza. Ko zagayayyen ma yana da tarko: rami mai 3/8 na inci milimita 9.5 ne, ba 10 ba. Idan ramin ya fi noti faɗi, wuƙar za ta iya zama a gefe guda, kuma ko ma'auninta daidai yake a hannu, a kan inji za ta yi rawa.

Sannan ramukan gefe guda biyu, inda 'yan ƙusoshin mazauni ke shiga. Ana auna su daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. Injinan Sin marasa sanannen suna, waɗanda suka cika shagunan kayan gona, kowanne da tazararsa, kuma nan ne ake ganin mutum ya ɗauki magagari yana faɗaɗa rami don ta shiga dole, ko ya gutsure ƙusoshin da garanda. Duk biyun ɓarna ne. Ramin da aka faɗaɗa da hannu ba ya zama a tsakiya, kuma daga bakinsa tsagewa ke farawa.

Na huɗu shi ne lanƙwasa. Ɗora tsohuwa da sabuwa a kan tayil mai santsi ka duba daga gefe. Wasu wuƙaƙen miƙaƙƙu ne, wasu tsakiyarsu ta ɗaga, bakin yankan ya sauko da santimita ɗaya ko fiye. Idan sabuwar ta fi saukowa, lambar tsayin da ka saba yanka a kai ta tashi daga aiki, za ka aske ciyawa har ka ga jijiya, kuma bakin wuƙa zai iya leƙowa ƙasan kasko inda ba abin da ke tare tsakuwa. Na biyar kauri. Na injin turawa yawanci milimita 3 zuwa 4 ne, na manyan injinan kwangila 5 zuwa 6. Mai kauri ta fi jure duka, amma tana rage zaren notin da ke kamawa, tana kuma ƙara wa birki nauyi. Dokar Amurka ta ce wuƙar injin turawa ta tsaya cikin daƙiƙa 3 bayan an saki hannu, kuma da nauyin wuƙar asali aka yi wannan lissafin.

Wuƙar kamfanonin da ke bin lamba tana cin wannan jarrabawar kusan kullum, muddin lambar asali ka ba su, ba tsawon kasko ba. Wadda ake ce wa ta kowane inji kuwa faɗuwa take yi tun a rami. An huda mata babban rami na inci ɗaya, a ce ka zaɓi washar da ta dace ka cike gurbin. Washar siririya ce, tana iya zamewa daga ramin lokacin ɗauri ba ka gani ba, kuma ba ta da abin da zai riƙe tauraro. Ka tuna abin da ake magana a kai: wuƙar inci 21 a kan injin da ke juyi 3,000 a minti, tsininta na gudun kusan kilomita 300 a awa. A wannan gudun, bambancin giram 5 a tsini ɗaya yana fizgar shaf da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 13, yana zagaya shi sau 50 a daƙiƙa. Boris ne ke sha, da roban da ke tare baƙin mai a ƙasan injin, da notocin da ke riƙe injin a kan kasko. Idan ka ga hannun inji na kaɗa maka tafi bayan canjin wuƙa, ko ka ga baƙin mai ya fara jiƙa mazauni, kada ka nemi dalili da nisa.

Yanka, da abin da rairayi ke yi

Ciyawar da aka fi shimfiɗawa a nan ƙiri-ƙiri ce da ire-irenta, sai fasfalam a wuraren da ruwa ke da gishiri, musamman bakin teku. Dukkansu masu yaɗo ne, masu tauri, ana yanka su ƙasa-ƙasa, wajen santimita 2.5 zuwa 4. Kuma kusan duk fili a kan jan rairayi aka dasa shi. Wannan haɗin, yanka a ƙasa a kan rairayi, shi ke sa lissafin wuƙa a Saudiyya ya bambanta da na ƙasashen da aka ƙera injinan dominsu.

A bayan kowane bakin yanka akwai fiffike, wato ɓangaren da aka lanƙwasa sama. Shi ke zuƙo iska ya miƙar da ciyawa kafin kaifi ya iso, shi ke kuma tura yankakkiya cikin jaka. Yawancin wuƙaƙen wakala fiffikensu matsakaici ne ko dogo, domin an yi su don ƙasa mai laka da ciyawa mai laushi. A kan filinmu fiffiken ba ciyawa kaɗai yake zuƙowa ba, har da rairayi, kuma ƙwayar rairayi ta fi ƙarfen wuƙa tauri. Ɗauki wuƙar da ta yi bazara guda a istiraha ka duba inda fiffike ya haɗu da jiki: za ka ga wurin ya yi sumul yana ƙyalli, ya sirance, daga baya tsaga ta fito a kan lanƙwasar, har ka iya hango haske ta ciki. Wannan wuƙar ta mutu ko da bakinta na da kaifi, domin guntun fiffike na iya ɓallewa ya fita kamar harsashi. Wannan cin ba ya tambayar tambari, ta wakala da ta waje duk yana cinsu. Rairayin kuma yana cin kaskon daga ciki, na ƙarfe ya huje, na alminiyam ya sirance.

A nan ne wuƙar waje mai suna ke shan gaban ta wakala. Wakala takan ba ka iri ɗaya, wadda injin ya zo da ita. Kamfanonin waje kuwa sukan buga wa rami ɗaya iri biyu ko uku, har da mai gajeren fiffike da aka yi musamman don ƙasa mai rairayi. Tana rage ƙura, tana daɗewa, tana sauƙaƙa wa injin nauyi a zafin Yuli. Abin da ake biya shi ne jaka ba ta cika dam, kuma idan ciyawa ta yi tsawo ta kwanta za ta bar wasu ganye a tsaye. Ga wanda ke yanka ƙiri-ƙiri duk mako a bushe, wannan ciniki ne mai riba. Ga filin da ya yi kauri ya rufe ƙasa ruf, inda ba a ganin rairayi ko an buɗa da yatsa, fiffiken wakala ya fi ba da yanka mai tsabta, kuma babu dalilin canza shi.

Sai masu haƙora a fiffike, irin Gator ta Oregon. Haƙoran ba sa yanka tsayayyiyar ciyawa, aikinsu daddatsa wadda aka riga aka yanke. Suna da kyau ga busasshen ganyen bishiya da ciyawar da ba ta yi tsawo ba. Amma tun da ana hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku na yamma tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, kuma zafin ma ba ya barin kowa ya kai hantsi, yawancin yankan bazara da sassafe ake yinsa, lokacin da ruwan fesawa na asuba bai bushe ba. Jiƙaƙƙiyar ƙiri-ƙiri a ƙarƙashin wuƙa mai haƙora kwaɓewa take yi ta manne a kasko, ta riƙa faɗowa curi-curi a bayanka. Maganin ba a wuƙa yake ba: a kashe fesawar daren da za a yi yanka.

Batun ƙarfe gajere ne. Wuƙa mai kyau an gasa ta tsaka-tsaki, ta riƙe kaifi amma ta lanƙwashe idan ta bugi abu maimakon ta fashe. Masu arha marasa suna sukan kauce ta gefe ɗaya. Mai laushi, magagari na cinta kamar sabulu, bakinta ya naɗe bayan yanka kaɗan. Mai tauri fiye da kima kuwa magagari zamewa yake yi a kanta, kuma ƙwallon dabino ko kan bututun fesawa ko gefen intalok na iya gutsure mata baki. Shaidar duka tana kan ganye. Tsinko ganyen ciyawa kwana biyu bayan yanka ka duba tsininsa. Idan a yanke yake tsaf, kore har baki, wuƙa na aiki. Idan ya yi zare-zare ya yi fari, dukansa aka yi ba yanka ba, kuma filin gaba ɗaya zai yi toka-toka daga nesa. Sau da yawa mai gida na ganin haka ya ce a ƙara ruwa ko taki, alhali kaifi ne ya tafi.

Akwai injina biyu da shawara a kansu ba ta da ja: a tsaya ga ta wakala, ko kwafin da ya bi lambarta sak. Na farko Honda masu wuƙa biyu a ɗore, ta sama da ta ƙasa, irin HRR, HRN da HRX. Noti biyu ke riƙe su, kuma lanƙwasar kowacce an yi ta ne don ta dace da ɗayar. Wanda ya cire su ya sa guda ɗaya ya zubar da abin da ya biya kuɗi dominsa, wato yankan da ke fitowa ƙanana-ƙanana ya shige jaka da yawa. Honda ta daina ƙera waɗannan injinan na fetur a masana'antarta ta Amurka a 2023, don haka mai irinsu ya yi dabara ya ajiye saiti ɗaya a gefe. Na biyu injinan batir da na wuta, irin Bosch, Makita da EGO. Wuƙarsu siririya ce mara nauyi da gangan. Mai kauri ko mai dogon fiffike tana shanye batir kafin a gama fili, kuma a zafin nan tana sa moto ya yi zafi ya yanke kansa.

Kashi mafi muni ba a lissafa shi a sama ba, domin ba ya zuwa da sunansa: jabu a cikin kwalin asali. Ana gane ta da lamba da aka buga da fenti maimakon a dasa a cikin ƙarfe, da bakin rami mai kaushi, da nauyin da bai kai na tsohuwar ba duk da cewa tsohuwar ta ci. Farashin tijari a kwalin wakala ma alama ce. A karɓi rasit mai lambar haraji kowane lokaci, domin da shi ake kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci ta lamba 1900.

Ɗauri

Rabin laifin da ake ɗora wa wuƙar waje na mai ɗaurawa ne. A cire hular filogi tukuna, ko batir idan na batir ne. A kwantar da injin ta yadda kafireta da matatar iska ke sama, in ba haka ba baƙin mai zai gangara ya jiƙa matata, injin ya tashi da farin hayaƙi ko ya ƙi tashi. A tokare wuƙa da guntun katako, ba da ƙafa ba. A kankare tsatsa da busasshiyar ciyawa daga fuskar mazauni, musamman a Jidda da Dammam inda laima da gishiri ke cin ƙarfe, domin ɓawon tsatsa kaɗan ya isa ya karkatar da wuƙa. Fiffike sama yake kallo, wajen kasko. Wuƙar da aka kifa tana juyawa lafiya, tana dukan ciyawa da gadon bayanta, mai ita yana zagin kamfani.

Kafin a ɗaura, a rataye ramin tsakiya a kan ƙusa a bango. Idan gefe ɗaya ya rinjaya, a rage ƙarfe daga wannan gefen da magagari. Sabuwa ma a gwada ta, domin a nan ake kama masu arha. Ƙarfin ɗauri kuma yana cikin littafin injin, kuma ya bambanta: notocin Honda masu kan milimita 14 ana ɗaure su 49 zuwa 59 a awon ƙarfin ɗauri na Nm, washarsu mai kumburi kumburin na kallon kan noti, yayin da Toro Recycler ke neman 82. Sifana mai awo ta fi bindigar iska ta masu faci, wadda ke miƙar da noti ko ta murje zare. Bayan ɗauri, a juya wuƙa da hannu a auna tsayin tsini ɗaya daga ƙasa, a juyo ɗayan wuri guda a auna. Bambancin da ya wuce milimita 3 na nufin wuƙa ta lanƙwashe ko shaf ya karkace, kuma lanƙwasasshiyar wuƙa ba a miƙar da ita da guduma, jefar da ita ake yi.

Littattafan injin kan ce a wasa wuƙa bayan awa 20 zuwa 25 na aiki. A kan rairayi wannan ya yi nisa, a duba ta a rabin haka. Ana bin kusurwar da ta zo da ita, wajen digiri 30, daga fuskar sama kawai, kuma ba sai ta kai kaifin aska ba, bakin da ya yi siriri da yawa naɗewa yake yi a yankan farko. Garanda na da sauri, amma idan ƙarfe ya yi shuɗi gashin da aka yi masa ya lalace, a riƙa tsoma shi a ruwa.

Ga mai inji ɗaya a gida ɗaya da garantinsa bai ƙare ba, ta wakala ta fi kwanciyar hankali, domin wakala na iya ƙin gyara idan ta ga ɓarnar daga baƙuwar wuƙa ta zo, kuma bambancin kuɗin sau ɗaya ne ko biyu a shekara. Ga mai kwangilar istirahohi da yawa, wanda ke cinye wuƙa kamar yadda yake cinye fetur, ta waje mai suna mai gajeren fiffike ta fi, a sayi biyu ga kowane inji, ɗaya na aiki ɗaya na jiran wasawa. Idan za ka sana'iyya ko kantin kayan aiki na SACO ko shagunan kayan gona, tafi da tsohuwar wuƙar a hannu da hoton lambar da ke manne a bayan kasko, ka ɗora sabuwa a kan tsohuwa ramuka su haɗu kafin ka biya. Idan ta Amazon ko Noon za ka yi oda, da lambar wuƙar asali ake nema, kuma kada a ɗaura ta sai an gama awo biyar ɗin nan, domin wadda noti ya riga ya yi wa tabo da wuya a karɓe ta.